Ƙidayar Shirwa a Mashigin Organbidexka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san shirwa tun kafin ya san baƙi da wasali. Ita ce ke jewa a kan mahauta ran kasuwa, ita ce ke wafce tsokar nama daga hannun yaron da aka aika, ita ce kuma ta sa Bahaushe ya ce kaza mai ƴaƴa ita ke gudun shirwa. Saboda wannan sabo, da wuya a samu wanda ya taɓa tambayar kansa ko shirwar da yake gani da damina ita ce wadda yake gani da rani, balle ya nemi sanin inda take zuwa idan ta ɓace. A wata ƙasa kuwa akwai mutanen da ke barin gidajensu da ayyukansu, su hau dutse su yi makonni suna ƙidayar wannan tsuntsuwa da danginta ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an biya su ko dala ba. Na yi mako uku cikinsu a lokacin da nake karatun digiri na biyu a Bordo, kuma abin da na tarar a can ya shafi fanninmu na nazarin harshe ƙwarai da gaske.

Sunan wurin Organbidexka. Mashigi ne a tsaunukan Firene, waɗanda suka raba Faransa da Sifaniya, a ƙasar Baskawa, cikin yankin da Faransawa ke kira Sul. Tsayinsa mita 1,283 ne daga saman teku. Idan mutum ya tsaya a kansa yana fuskantar dutsen Orhi mai tsayin mita 2,017, ga kuma dajin Irati shimfiɗe a ƙasa. A rubutun Baskanci harafin x yana wakiltar sautin da muke rubutawa sh, don haka Organbideshka ake furtawa. A wannan harshe orga na nufin amalanke, bide na nufin hanya, ɗafin ƙarshen kuma na ƙarantarwa ne, shi ya sa ake fassara sunan da ƴar hanyar amalanke. Wurin fili ne na ciyawa, ga tumaki da dawaki masu kiwo da ƙararrawa a wuya.

Tarihin wurin ya cancanci a faɗe shi. Bisa al'adar yankin, akan yi gwanjon mashigan duwatsu ga maharba, waɗanda ke kafa maɓoya a cikinsu a watan Oktoba don harbin wata babbar kurciya mai ƙaura da ake kira palombe. A 1979 wasu masu kishin tsuntsaye suka haɗa kuɗi suka karɓi hayar wannan mashigi kamar yadda maharbi zai karɓa, suka zauna a kansa da madubin hangen nesa da littafin rubutu. Ƙungiyar da suka kafa ta ɗauki sunan Organbidexka Col Libre, wato mashigin da aka ƴanta. Tun daga wannan shekara ake ƙidaya a wurin, kuma a yau ƙungiyar kare tsuntsaye ta Faransa, LPO, ke jagorantar aikin daga 15 ga Yuli zuwa 15 ga Nuwamba, da ƴan ma'aikata kaɗan da ƴan sa kai masu yawa da ke karɓar juna.

Akwai dalilin da ya sa tsuntsayen ke bi ta nan. Manyan tsuntsaye masu farauta ba sa iya doguwar tafiya da kaɗa fikafikai, domin nauyinsu zai gajiyar da su. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi takan tashi sama kamar guguwar da ido ba ya gani; tsuntsu sai ya shiga cikinta ya buɗe fikafikai yana jewa har ta ɗaga shi can ƙololuwa, sa'an nan ya sulala ya nufi wata ta gaba. Irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan teku, shi ya sa masu fitowa daga yammacin Turai ke neman inda ruwa ya fi ƙunci, wato mashigin Jibraltar mai faɗin kimanin kilomita 14. Kafin su kai can dole su ƙetare Firene, kuma gefen yamma, inda duwatsun suka fi gajarta, ya fi musu sauƙi. Kowane iri da lokacinsa. Shirwar Turai ke buɗe fage daga tsakiyar Yuli zuwa Agusta. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba sai wani mai suna bondrée ya biyo baya dubbai. A Oktoba jar shirwa ke wucewa, ita kuwa yawanci a Sifaniya take tsayawa. Da yawa daga cikin na farkon Afirka ta Yamma suka nufa, su yi watannin sanyin Turai a yankinmu na Sahel da kudancinsa, su koma a watan Maris ko Afrilu. Babu sunan da ya dace da su kamar ƴan cin rani.

Na isa a tsakiyar Agusta. Aikin yana farawa da fitowar rana, ya ƙare da faɗuwarta. Muna jeruwa a kan ciyawa, kowa da madubin hangen nesa na rataya a wuya, ga kuma manyan da ake kafawa a kan ƙafa uku. An raba sararin sama tsakaninmu, kowa da yankin da zai riƙa sharewa da ido daga hagu zuwa dama, daga kan itatuwa zuwa cikin gajimare. Mutum ɗaya ke riƙe da takardar ƙidaya, yana rubuta iri da adadi da sa'a, kuma kowace sa'a yana rubuta inda iska ke fitowa da yadda sama take. Ba a rubuta tsuntsu sai an tabbatar ya ƙetare ya nufi kudu, domin wanda ya yi jewa ya juya baya yana iya sake dawowa a ƙidaya shi sau biyu. Ran da hazo ya rufe dutsen mukan wuni ba mu ga ko inuwar fiffike ba, kuma wannan ma sai an rubuta, domin wanda zai duba lissafin bayan shekara ashirin yana bukatar ya san ko tsuntsayen ne ba su zo ba ko kuwa masu kallo ne ba su iya gani ba.

Abin da ya fara jan hankalina, a matsayina na ɗalibin harshe, shi ne irin maganar da ake yi a wannan layi. Magana ce gajera wadda aka rage wa duk abin da ba dole ba. Kowane tsauni da kowane kwari da ke gabanmu yana da suna ko laƙabi da sabon zuwa zai haddace tun ranar farko. Wanda ya hango abu sai ya ambaci wurin, ya faɗi ko sama da dutse ne ko ƙasa, ya faɗi adadi, sa'an nan ya faɗi iri. Idan bai tabbatar da iri ba, yana da matakan da zai sauka: ya ce shirwa ba tare da bambancewa ba, ko ya ce babban mai farauta, ko ƙarami. Takardar tana da gurbi ga kowane mataki. Amma ɗigon da ba wanda ya iya ce masa komai, ko da a matakin ƙarshe, ba ya shiga lissafi, ya wuce ke nan kamar bai taɓa bi ta wurin ba.

Rabi na biyu na aikin shi ne tarbar jama'a, kuma a nan aka fi sa ni, tun da Agusta watan hutu ne a Faransa. Hanyar mota tana kusa, don haka mutane kan tsaya: iyali da yara, tsofaffi masu yawon shan iska, masu tseren keke da suka hau dutsen suna haki. Aikina in yi musu maraba, in daidaita madubin da tsayin kowa, in nuna musu inda za su duba. Na lura da abu ɗaya da ke maimaituwa kullum. Baƙo zai ɗaga kai ya ce shi bai ga komai ba sai sama. Idan na ce masa ya dubi wutsiya, in ta rabu biyu kamar bakin almakashi shirwa ce, in rabuwar ta yi zurfi kuma jikin ya yi ja-ja to jar ce, sai ya sake dubawa ya yi shiru, can kuma ya fara nuna wa matarsa wata da ni ma ban riga na gani ba. Wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba ta koyi sunaye huɗu kafin azahar, ta ƙi yarda a tafi da ita sai ta ga na biyar.

Ita kanta shirwar tana da wata matsala da za ta yi wa ɗaliban wannan fanni kama da abin da suka sani. Wadda ke wucewa ta Organbidexka baƙin baki gare ta. Tamu ta gida, wadda ke bin damina tana hawowa arewa, idan ta girma bakinta rawaya ne. Masana sun rabu a kansu: wasu na ɗaukar su iri ɗaya mai rassa, a ƙarƙashin sunan kimiyya Milvus migrans, wasu kuma sun ware ta Afirka sun ba ta nata suna, Milvus aegyptius. Wannan ita ce gardamar da muke yi a aji kan inda karin harshe ya ƙare, harshe ya fara. Bahaushe dai ya haɗa su duka ya ce shirwa, kuma yana da hujjarsa, tun da halinsu ɗaya a kan mahauta. Sai dai wanda ke son sanin ko baƙuwar ce ke raguwa ko ƴar gida, dole ya samu hanyar kiran kowace daban.

Da dare, a ɗakin da muke kwana mu dafa abinci tare, hira kan koma kan sunaye. Faransawa na ce wa shirwa milan, Baskawa na cewa miru, kuma duka biyun daga kalmar Latin milvus suka samo asali, abin da ke nuna cewa Baskanci, ko da yake ba shi da wani sanannen dangi cikin harsunan duniya, ya yi aro daga maƙwabtansa kamar kowane harshe. Jar shirwa a Faransanci milan royal ce, ta sarauta, a Baskanci kuwa miru gorri, ja kawai. Wani babba mai cin macizai, wanda shi ma Sahel yake zuwa cin rani, Faransawa sun raɗa masa sunan mutum, Jean-le-Blanc, saboda farin cikinsa. Baskawa sun dubi abincinsa suka ce arrano sugezale, gaggafa mai son maciji, irin ginin da muke yi a faɗa-wuta, inda aikin abu ya zama sunansa. Shi kuwa bondrée, laƙabinsa na kimiyya da Linne ya ba shi a 1758, apivorus, na nufin mai cin ƙudan zuma, alhali babban abincinsa ƴaƴan rina ne da yake tonowa daga sheƙarsu. An gane haka tuntuni, amma sunan ya zauna, domin amfaninsa shi ne kowa ya san tsuntsun da ake nufi.

Sunan da ya fi zauna mini a rai daga bakin wani tsohon makiyayi na ji shi. Yakan biyo ta wurinmu da karensa, wani lokaci ya kawo mana cukun nonon tumaki. Wata rana wata farar ungulu mai rawayar fuska ta gitta, irin wadda ke sheƙa a Firene ta tafi Sahel idan sanyi ya gabato. Na faɗi sunanta na littafi, percnoptère. Tsohon ya ce su a Sul ba haka suke ce mata ba, behibideko emazte xuria suke cewa, farar matar hanyar shanu, domin dawowarta da bazara na nuna lokacin hawa dutse da dabbobi ya kusa. Maƙwabtansu na Beyarn kuma Marie-Blanque suke kiran ta. Nan take shamuwa ta faɗo mini a rai, wadda manomin Gobir da na Damagaram ke ganin saukarta ya fara gyaran gona. Sai tsohon ya juyo ya tambaye ni: “Ku fa, tun da wurinku take zuwa, me kuke ce mata?” Na ce, “Baba, ungulu muke cewa.” Ya nuna wasu manya masu ruwan ƙasa da ke jewa a kan Orhi ya ce, “Waɗancan fa?” Na ce su ma ungulu.

A wannan dare na zauna na jera sunayen tsuntsaye masu farauta da rana waɗanda ke bakina da Hausa: shirwa, shaho, gaggafa, mikiya, ungulu. Biyar. A takardar ƙidayarmu akwai iri fiye da 15, a ƙasar Nijar kuwa an san fiye da 40. Na aika wa abokan karatu shida da ke Yamai da Maraɗi da Tawa saƙo cewa kowa ya rubuto nasa ba tare da duba ƙamus ba. Babu wanda ya wuce waɗannan biyar, sai ɗaya da ya ƙara mujiya, ita kuwa ta dare ce. Dukkanmu Hausa muka sha a nono, dukkanmu muna iya tsara bishiyar jimla mu bambance karin sauti, amma mun girma tsakanin aji da kwalta, kuma kalmomin daji ba su biyo mu can ba.

Ran Juma'a na kira mahaifina, wanda ke noma a wani ƙauye kusa da Tasawa, kuma a ƙuruciyarsa ya bi mafarauta. Da na bayyana masa aikin da nake yi, sai ya yi dariya ya ce, “To ɗana, idan sun gama ƙirgawa, rabawa za su yi?” Na ce, “Baba, so suke su san ko suna raguwa.” Ya yi shiru kaɗan, ya ce, “In don wannan ne, da sun tambaye ni. Rabona da ganin mikiya tun kana goye.” Daga nan ya shiga bambance mini su ta hali: wanda ke tsayawa cak a sama yana kaɗa fikafikai kafin ya faɗo kan ɓera, wanda ke bin wutar daji yana kama fara, wanda ke tafiya ƙasa-ƙasa a kan ciyawa yana tangaɗi. Na gane kowane ɗaya daga bayaninsa, na ƙarshen ma a wannan makon muka rubuta shi, busard cendré, wanda ke haihuwa a gonakin alkama na Turai ya zo Sahel ya rayu da fara. Baba ya ce idan na dawo zai kai ni wurin sarkin baka, domin mutanensa ne ke riƙe da sunan kowane.

Maganar mikiya ta sa na koma ga littattafai bayan na sauko daga dutsen. Tsofaffin ƙamusoshin Hausa sun ba da mikiya a matsayin wata ƙatuwar ungulu mai tashi can sama, wadda Faransawa ke kira vautour de Rüppell, gaggafa kuma a matsayin mai gajeriyar wutsiya da jar fuska da suke kira bateleur. A bakin mai karanta labarai na yau kuwa, mikiya da gaggafa sun zama kusan abu ɗaya, fassarar aigle, tsuntsun tambari da tutar ƴan ƙwallo. Sauyin ma'ana ba baƙon abu ba ne, kowane harshe na yin sa. Abin lura a nan shi ne dalilinsa: kalma takan saki abin da take nufi ta kama wani idan masu magana sun daina ganin na farkon.

Kuma lalle sun daina gani. Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙidayar masu farauta daga mota. Bayan kimanin shekara 30 ya sake bin hanyoyin nan a irin lokacin da irin tsarin. Sakamakon da ya buga a 2006 ya nuna cewa a wajen gandun daji masu kariya, manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100. A 2015 hukumar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari, ta sa iri huɗu na ungulayen Afirka a matakin da ke dab da ƙarewa, cikinsu har da mikiya da ƙaramar ungulun mahauta da kowa ya sani. An san dalilan: gubar da ake sa wa mushe don kashe kura da dila da karnuka, cinikin kai da ƙafafu da fikafikai don tsibbu, sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai, da ƙarewar namun daji. Abin da mahaifina ya gani da idonsa daga gonarsa, Thiollay ya iya nuna wa duniya shi da alƙaluma saboda ya rubuta na farko, da suna da adadi, tun lokacin da ba wanda ya damu.

Idan tsuntsu ya tafi, ba sunansa kaɗai ke bin sa ba. Muna da jewa, muna da shawagi, muna da sura da wafta da fyauce, kuma kowace da inda ta dace. Muna cewa ungulu ba ki jewar banza, muna cewa an yi ungulu da kan zabo, muna cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Malamin nahawu ma yana bukatar ta, domin tana cikin kalmomin da yake kawowa don nuna cewa ba kowace kalma ta mace ke ƙarewa da wasalin a ba. Yaron da aka haifa a Yamai a shekarun nan yana iya kammala firamare bai taɓa ganin ungulu a kan tsamiya ba. Zai haddace karin maganar don jarrabawa, amma sai an yi masa bayanin hoton da ke cikinta kamar yadda ake bayyana masa dusar ƙanƙara.

Wannan aiki ne da ya faɗo a kan sashenmu, kuma ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu yana iya ɗaukar ƙauye biyu ko uku, ya zauna da mafarauta da makiyaya da mahauta da tsofaffin mata masu kiwon kaji, ya naɗi muryarsu. Abin da na koya a layin ƙidaya ya nuna mini ƙa'idojin da ya kamata a kiyaye. Hoton littafi yakan ruɗi wanda ya san tsuntsu ta tashinsa da kukansa da lokacin zuwansa, don haka zai fi kyau a fita tare da shi a ga tsuntsun da rai, ko a nuna masa bidiyo. A rubuta suna da karin sautinsa da tsawon wasalinsa da jinsinsa da jam'insa, da garin da aka ji shi, domin abin da Ba'adare ke faɗi yana iya bambanta da na Badamagare, kamar yadda ake samun ungulu a nan, angulu a can. Kada a tilasta wa sunan Hausa ya yi daidai da iri ɗaya na kimiyya: wani suna zai rufe iri uku, wani iri kuma zai samu suna biyu, na babba da na ƙarami, kuma wannan rabon shi ne abin nazarin. A tafi tare da ɗalibin sashen nazarin halittu, shi ya tabbatar da iri, mu mu tabbatar da kalma. Ƙirƙirar sababbin sunaye a ofis kuwa ta jira sai an gama tambayar masu abin.

Akwai wahala ɗaya da ya kamata a sani tun farko. Waɗanda suka fi kowa sanin tsuntsayen nan, wasunsu su ne ke kama su don kasuwar magani, kuma sun san doka ta hana. Mai bincike da ya je musu da fuskar ma'aikacin gandun daji zai dawo da littafi fari. Wanda kuma ya rubuta inda sheƙa take ya baza a kundi, yana iya zama jagoran mai neman ƙwai da kai. Dole a ɓoye sunan mai ba da bayani idan ya nemi haka, a kuma ɓoye wurin sheƙa ko da bai nema ba. A Organbidexka ma masu ƙidaya da maharba suna zaune a dutse ɗaya shekara da shekaru ba tare da ra'ayinsu ya zo ɗaya ba, kuma na ga cewa gaisuwa da sauraro sun fi buɗe bakin mutanen yankin fiye da wa'azi.

Ba mu da mashigi irin na Firene inda dubban tsuntsaye ke matsewa a wuri ɗaya, domin idan sun ƙetare hamada bazuwa suke yi. Amma muna da wuraren kallo: gandun dajin W, gandun Gadabeji a jahar Maraɗi, duwatsun Kutus a jahar Damagaram inda har yanzu wasu ungulaye ke sheƙa, gaɓar kogin Kwara a Yamai, da mahautar kowane gari. Ɗalibai huɗu da madubin hangen nesa ɗaya na aro suna iya zaɓar wuri guda, su riƙa zuwa safiyar Asabar ɗaya a kowane wata, su rubuta abin da suka gani da Hausa da sunan kimiyya, su bar yaran unguwa su leƙa madubin, su tambayi dattijon da ya tsaya kallo me ake ce wa wancan. Idan sun kammala karatu su miƙa littafin ga ƴan ajin da ke bayansu. Na riga na buɗe nawa littafin da sunaye biyar da bayanin mahaifina, kuma da hutun da ke tafe za mu je wurin sarkin baka. Duk wanda ke da kaka ko kawu da ya san daji, ina roƙon ya tambaye shi a wannan hutu, ya kawo wa sashe abin da ya samo mu haɗa.